LAFIYA UWAR JIKI: Ranar da Sikeli Ya Ƙi Motsi

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon jiya, akwai wata da ta fito daga garin Sakwa, cikin ƙaramar hukumar Zaki ta ƙasar Katagum, a Jihar Bauchi. Wani malamin makaranta ne ya rubuto ta, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Na zaɓi in amsa masa a bainar jama'a, domin na tabbata abin da ke damunsa yana damun mutane da yawa, maza da mata, waɗanda ba su sami zarafin ɗaukar alƙalami ba.

Malamin ya ce shekarunsa 43. Ciwon kai ne ya kai shi asibiti a Azare, aka auna shi aka tarar jininsa ya hau, sukarin jininsa kuma ya kusa kaiwa iyakar da ake kiransa ciwo. Likita ya ba shi magani, ya kuma gargaɗe shi da ya rage ƙiba, don a ranar nauyinsa kilo 104 ne. Tun daga nan ya ɗaura ɗamara: da an sallame sallar Asuba sai ya kama hanya da gudu, kilomita 6 zuwa da dawowa, kwana shida a mako, da la'asar kuma ya shiga ƙwallo da samari. Cikin mako takwas nauyinsa ya sauko zuwa kilo 96. Daga nan fa sai sikeli ya tsaya cak. Yau mako biyar ke nan kullum yana hawa, kullum lambar tana nan inda take, alhali kuwa ko rana ɗaya bai fasa gudun ba.

Ya ce abokai sun shiga ba shi shawara. Wani ya ce ya ninka gudun, ya mayar da shi tsakar rana, ya sa rigar leda don kitsen ya narke. Wani ya ce ya daina cin abinci sai da dare. Wani ya nuna masa wani shayi da ake tallarsa da sunan maganin teɓa. Wani kuma ya ce ya haƙura kawai, ƙiba gadon gidansu ce. To, wanne zai ɗauka?

Malam, amsata a taƙaice ita ce kada ka ɗauki ko ɗaya. Abin da ya same ka sanannen abu ne a wurin likitoci, yana kuma samun kusan duk wanda ya yi nisa a wannan tafiya. Amma da yake ruwa ba ya tsami banza, bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

JIKI MAIGIDA NE MAI TATTALI

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma irin ta Katagum ya san halin maigida na kirki. Da kaka, sa'ad da rumbu yake maƙil da gero da dawa, yakan auna wa uwargida hatsi da hannu sake. Amma ranar da ya leƙa ya ga hatsi ya yi ƙasa, ga damina da sauran nisa, sai ya rage awo, ya tsananta tsimi, ya kuma shiga neman abin da zai ƙara a rumbun. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, kuma irin wannan tattali ne ya fisshe su.

To, haka Allah ya halicci jikin ɗan Adam. Kitse shi ne rumbunsa. Jiki ba ya bambance mai rage ƙiba da gangan da wanda fari ya ritsa da shi. Da ya ga ajiyarsa tana raguwa, sai ya yi abu biyu: ya rage abin da yake kashewa, ya kuma ƙara wa mai shi jin yunwa.

Masana suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani awo da ake kira kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mafi yawan kalorin da mutum ke ƙonawa a rana ba a wurin gudu suke tafiya ba; bugun zuciya, da numfashi, da aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, da ɗumama jiki, su ne ke cinye kaso mafi tsoka, ko da mutum yana kwance. Ƙaramin jiki kuwa bukatarsa ba ta kai ta babba ba, kamar yadda abincin jaki bai kai na raƙumi ba. Saboda haka abincin da yake rage wa mai kilo 104 nauyi, yana iya zama daidai da bukatar mai kilo 96, ba ragi ba ƙari.

An daɗe da tabbatar da wannan. A tsakanin 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya tara matasa 36 waɗanda suka ba da kansu, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24, suna kuma tafiyar ƙasa ta kilomita 35 kowane mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma kalorin da jikinsu ke ƙonawa a zaune ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, kuma wajen ƙarshe raguwar nauyin ta yi ta ja da baya har ta kusa tsayawa. In har wannan ya sami waɗanda ake auna wa abinci a ɗakin bincike, ina ga wanda ke ci a akushin gidansa?

A 2016 kuma wasu masana a Amurka, cikinsu har da Kevin Hall, sun ƙididdige cewa duk kilo ɗaya da mutum ya zubar, abin da jikinsa ke ƙonawa yakan ragu da kalori 20 zuwa 30 a rana, amma sha'awarsa ta abinci takan ƙaru da kimanin kalori 100 a rana. Malam, yi wannan lissafi a kan allonka. Kilo 8 ka zubar. Watau jikinka ya rage kashe kalori wajen 200, cikinka kuma yana neman ƙarin wajen 800 a kowace rana. Ba lalle ne ka ci su duka ba, amma ko rabinsu ka ci ba tare da ka lura ba, ya isa ya tsayar da sikeli.

GUDU BA YA BIYAN BASHIN AKUSHI

A nan ne na ga giɓi a wasiƙarka. Ka faɗa mini nisan gudunka, da yawan kwanakinsa, da lokacinsa, amma ba ka ce uffan a kan abin da kake ci ba.

Mai gudu yakan ƙone kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Kai mai kilo 96, gudun kilomita 6 bai wuce kalori 600 ba. To, a ce da ka dawo ka biya ta teburin mai shayi. Burodi mai nauyin giram 200 ya haura kalori 500. Ƙwai biyu wajen 150 ne, babban cokali ɗaya na man da aka soya su da shi kuma 120. Ga sukari, ga madara. Kafin ka miƙe ka mayar da fiye da 800, ka ci gudun ka kuma ci bashi. Kwalbar lemo mai rabin lita ita kaɗai ta haura kalori 200, kusan daidai da gudun kilomita 2. Haka zancen yake ga zoɓo da kunun zaƙi da fura idan an zabga musu sukari, don abin sha ba ya ƙosar da mutum gwargwadon nauyin da yake ɗora masa.

Kada ka ɗauka ina tuhumarka da ɓoye gaskiya. Halin ɗan Adam ne ya manta da lomar da ya ci a tsaye, ya kuma tuna kowane ɗigon gumin da ya zubar. A 1992 an buga wani bincike da aka yi a birnin New York a kan mutanen da suka hakikance cewa abinci kaɗan suke ci amma ƙibarsu ta ƙi sauka. Da aka auna da na'ura, sai aka tarar abin da suka ce suna ci ya gaza ainihin abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsa jikin da suka ce suna yi kuma sun kambama shi da kashi 51 cikin 100.

Akwai kuma wata dabara ta jiki. Wanda ya wahalar da kansa da safe yakan rama da rana ba da saninsa ba: ya zauna a aji maimakon ya tsaya, ya hau babur zuwa inda a da yakan taka da ƙafa, ya miƙe a tabarma tun bayan Azahar. Wani masani mai suna Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya, waɗanda ke rayuwa da farauta da tonon saiwoyi, suna yini a kan ƙafafunsu. A sakamakon da ya buga a 2012, an ga cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Ma'anar wannan ita ce, idan aiki ya yi yawa jiki yakan tsuke bakin aljihunsa ta wani gefen. Don haka wanda ya ninka gudu kada ya sa ran ninkin sakamako.

SIKELI BA YA FAƊIN KOMAI DA KOMAI

Sikeli yana auna mutum ne gaba ɗayansa: ƙashi, da tsoka, da kitse, da ruwa, da tuwon da ya kwana a ciki. Jiki yana ajiye wani irin sukari a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. A makonnin farko wannan ajiya ce take fara raguwa tare da ruwanta, shi ya sa sikeli yakan yi saurin sauka da farko har mutum ya zaci haka za a ɗore. Bayan haka sai a zo kan kitse, shi kuwa a hankali yake tafiya.

Bugu da ƙari, tsokar da ta sha aiki takan riƙe ruwa yayin da take murmurewa. Miyar da ta ji gishiri da magi ma takan sa jiki ya riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu. Mata kuma nauyinsu yakan hau ya sauka gwargwadon kwanakin al'ada. Nauyin mutum yana iya bambanta da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare. Mai hawa sikeli kullum, a lokuta dabam-dabam, mafi yawa ruwa yake aunawa.

Ga wani awo da ba ya bukatar ko kwabo. Sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya da ita cikinka ɗan sama kaɗan da cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, to akwai sauran aiki, don likitoci sun ce faɗin ƙugun baligi kada ya kai rabin tsawonsa. Kitsen ciki shi ne ya fi haɗari ga zuciya da sukarin jini, kuma sau da yawa mazagin wando yakan ba da labarin raguwarsa tun sikeli bai sani ba.

SHAWARWARIN ABOKAI

Zancen rigar leda da gudun tsakar rana, wannan wasa da rai ne. Gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba ne, kuma kilon da ya tafi da gumi yana dawowa da moɗa biyu ta ruwa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Katagum yakan haura digiri 40. Mai hawan jini da ya fita gudu cikin wannan rana a naɗe da leda yana iya yanke jiki ya faɗi, ƙishirwa mai tsanani kuma tana lahanta ƙoda, balle idan mutum ya haɗa da shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen barkatai. Maƙwabtanmu na Gashuwa a Jihar Yobe sun san irin ɓarnar da ciwon ƙoda yake yi wa gida, ta rai da ta dukiya.

Ƙin cin abinci sai dare kuwa, ga mai gudun kilomita 6, yakan ƙare ne da cin na yini biyu a zama ɗaya, yana kuma zaftare tsoka tare da kitse. Ga wanda yake shan maganin sukari, abin ya fi haka muni, don sukarin jininsa yana iya faɗuwa ya sume.

Shayin teɓa shi ma sai a yi hattara. Da yawansu ganyen filasko ne da danginsa, masu sa gudawa, wasu kuma masu sa yawan fitsari. Ruwa suke fitarwa su bar kitse yana nan. Mafi haɗari, hukumomin lafiya a ƙasashe dabam-dabam sun sha kama irin waɗannan kaya da wani magani a ɓoye mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ba shi da abin yi da irin wannan.

Wanda ya ce ƙiba gado ce, ya faɗi rabin gaskiya. Gado yana da tasiri ƙwarai, amma kilo 8 da ka zubar da ƙafarka sun isa shaida cewa ba shi kaɗai ke da iko ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, ka sami littafin rubutu irin na ɗalibanka, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka har kwana bakwai, da tsiren majalisa, da ƙosan da ka saya a ƙofar makaranta, da lemon gidan suna. A ƙarshen mako kai da kanka za ka ga inda ɓarakar take.

Na biyu, ka toshe ɓarakar da sauƙi. Fara da abin sha mai sukari da soye-soye. Idan malmala uku ta tuwo kake ci, koma biyu, ka yawaita miya da ganye: zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa. Ka riƙe wake, da kifi, da ƙwai dafaffe, da nono marar sukari, don su ne ke ƙosarwa su kuma tsare tsoka. A yi magana da uwargida ta riƙa auna mai da cokali, ta rage gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya. Ragin kalori 400 zuwa 500 a rana ya isa ya sauke kusan rabin kilo a mako. Addininmu ma ya riga ya koya mana raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi.

Na uku, kada ka ƙara gudu. Gyara shi za ka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idodinta na 2020, ta shawarci baligi da motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Kai ka riga ka wuce wannan. Mayar da gudun kwana huɗu, kwana biyu kuma ka yi aikin ƙarfi: tsugunna ka tashi, ka kifa ciki kana ɗaga jiki da hannuwa, ka ɗauki jarkar ruwa, ko ka kama fartanya a gona. Kwana ɗaya ka huta sarai. Gwiwar mai kilo 96 tana da hakki a kansa.

Na huɗu, barci. A 2010 masana a Jami'ar Chicago sun ba mutane abinci iri ɗaya na rage ƙiba. Sa'ad da aka taƙaita musu kwanciya zuwa awa biyar da rabi, kitsen da suka zubar bai kai rabin wanda suka zubar ba lokacin da suke samun awa takwas da rabi. Mai tashi Asuba ya rage hirar dare.

Na biyar, ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ka ci komai, a kan sikeli guda, ka kuma auna ƙugu sau biyu a wata. Ka ba wannan tsari mako shida kafin ka yanke masa hukunci.

Na shida, ka koma wurin likitanka a Azare a sake auna jini da sukari, kada kuma ka daina magani sai da izininsa. Idan akwai kasala mai yawa, ko jin sanyi, ko kumburin ƙafa, ka faɗa masa, don akwai cututtuka da magunguna masu hana nauyi sauka. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi a lokacin gudu, alama ce ta a tsaya nan take a nufi asibiti.

KADA A MANTA DA DALILIN TAFIYA

Malam, ciwon kai ne ya kai ka asibiti, likita kuma lafiyarka yake nema. A 2002 an buga sakamakon wani babban bincike a Amurka mai mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya kusa zama ciwo, kamar naka. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar metformin, waɗanda nasu ya ragu da kashi 31. Kilo 8 daga cikin 104 ya haura kashi 7. Watau ka riga ka tsallake wannan layi tun mako biyar da suka wuce, kana kuma tsaye a kansa ba ka koma baya ba. Hawan jini ma yakan sauka da kimanin maki ɗaya a kan kowane kilo da aka zubar.

Babban abin da nake ji maka tsoro shi ne ɓacin rai ya sa ka jefar da takalmin gudun, domin da yawa daga cikin masu komawa gidan jiya a daidai wannan gaɓa suke juyawa. Riƙe kilo 96 na shekara guda ya fi a kai kilo 85 a wata biyu a dawo 110 da baɗi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ina jiran wasiƙarka bayan mako shida, da littafin abincin, da awon igiyar, da abin da likita ya ce. Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.